Ka biya mai hoto kuɗinsa cas, to hoton ya zama na waye?

Watannin baya aka yi bikin ƙanwata a nan Kano, ni aka ɗora wa nemo mai hoto. Na samo wani matashi mai hannu sosai, muka yi ciniki ta waya, na tura masa kafin alƙalami, ya zo da yaransa biyu suka ɗauki kamu, suka ɗauki dina da wunin biki, bayan sati biyu ya kawo albam da filashi, na cika masa cikon kuɗinsa muka rabu lafiya lau. Ba takarda, ba rasit, ba komai, kaman dai yadda kowa yake yi.

Ba a yi kwana biyar ba ango ya kira ni murya na rawa, ya ce "Yaya, ka ga abun da mai hoton nan ya yi kuwa?" Na buɗe Instagram sai ga ƙanwata, hoton ranar kamu, wanda aka matso da kyamara dab da fuskarta lokacin da ƙawaye suka ɗage mata mayafi, a ƙasa kuma mazan da ba mu taɓa gani ba suna ta rubuta abun da suka ga dama. Na kira shi raina a ɓace, na ce Malam wa ya ba ka izinin sa hoton nan? Ya ce "Haba Yallaɓai, ai aikina ne, da shi nake samun kwastoma, kowa ma haka yake yi." Kafin in ce wani abu sai ya ɗora da nasa ƙorafin, ya ce in leƙa shafin mai kwalliyar da ta yi wa amarya, ta kwafi hoton nan dai ta yanke tambarinsa daga gefe ta maƙala nata tana talla da shi, telan da ya ɗinka kayan ma haka, ko sunansa ba wanda ya ambata. Da na kai wa Hajiyarmu labari abun da ta ce shi ne, "To ba mun biya shi ba? Ta yaya hoton 'yata zai zama nasa?"

Hoto ɗaya, mutum huɗu kowa na ganin shi ke da iko da shi. Wannan ne ya sa na zauna na bi dokar da kaina, kuma abun da na gano shi ne kusan kowa a cikinmu yana da rabin gaskiya a hannu, sauran rabin kuma yana wajen wanda yake faɗa da shi.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga dokar soja ta 1988. A wajen dokar nan hoto yana cikin ayyukan fasaha, sahu ɗaya da zane da sassaƙa, kuma wanda ake kira mawallafin hoto shi ne wanda ya ɗauka. Sashe na 28 kuma ya ce haƙƙin mallaka yana fara sauka ne a hannun mawallafi, sai dai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Ma'ana tun daga lokacin da ya danna kyamara haƙƙin ya zama nasa, ba sai ya je ya yi rajista a wani ofis ba, ba sai ya sa tambari a jiki ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, tana da tsarin rajista ta intanet, amma wannan don ya zame maka hujja ne ranar rigima, ba shi ke haifar da haƙƙin ba.

Na san wannan magana tana da wuyar haɗiya, sabida mu a al'adarmu ta ciniki in ka biya an miƙo maka to shi kenan abu ya zama naka, ko ka sa a wuta ba ruwan kowa. Amma ka ɗauki misalin littafi. Ka je kasuwar Sabon Gari ka sayi littafi, naka ne, ka karanta, ka ba da aro, ka yi kyauta da shi, ka sayar wa wani in ka gama. Abun da ba za ka yi ba shi ne ka kai wa masu ɗab'i su buga maka kwafi dubu ka shiga kasuwa da su. Takardar taka ce, ikon hayayyafa abun da ke cikinta na marubucin ne. To albam ɗin nan da filashin da aka kawo mana su ne littafin. Kuɗin da na biya sun sayi lokacin mai hoto da wahalarsa da kwafin da ya ba mu. Ikon a buga hoton a kalanda ko a fosta ko a allon talla, ko a sayar wa wani kamfani, wannan bai shigo cikin cinikin ba tunda ba mu ambace shi ba.

Kuma Hajiya ba ta yi kuskure haka kawai ba, don akwai zamanin da fahimtarta ita ce doka. A dokar Najeriya ta 1970 wanda ya sa aka yi aiki ya biya shi ake ɗauka mai haƙƙi, dokar 1988 ce ta juya abun ta mayar wa mai fasaha. Ingila ma haka suka yi, kafin dokarsu ta 1988 wanda ya ba da aikin hoto ya biya shi ne mai shi. Dalilin juyawar kuwa a bayyane yake, mai kuɗi kullum shi ke da ƙarfi a ciniki, in aka ce biya kaɗai ya isa ya kwashe komai to mai fasaha zai tsufa ba shi da ko aiki ɗaya da zai nuna ya ce nasa ne.

Yanzu sai mu zo kan inda mai hoton namu ya yi ɓatan kai, kuma nan ne ya fi damuna gaskiya. Sashe na 28 ɗin nan da ya ba shi haƙƙi, shi ne kuma ya ɗaure masa hannu a wani sakin layi na gaba. Dokar ta ce in mutum ya sa aka ɗaukar masa hoto don amfanin kansa da iyalinsa, irin biki, suna, walimar sauka, hoton yara ranar sallah, to yana da abu biyu ko ba a rubuta ba. Na farko yana da lasisin amfani da hoton a duk abun da ba kasuwanci ba ne, ya wanke ya rataye a falo, ya tura wa dangi, ya sa a shafinsa. Na biyu, kuma shi ne babba, yana da ikon hana a wallafa hoton ko a baje shi ko a yaɗa shi ga jama'a. To ka ga mai hoto shi ke da haƙƙin mallaka, amma ba shi da ikon ɗora fuskar amaryar mutane a Instagram in waɗanda suka ba shi aikin sun ce a'a. Abun hannunsa ne amma an kulle, mabuɗin kuma yana wajenmu.

Wallahi ina ganin ya kamata duk mai riƙe kyamara a ƙasar Hausa ya haddace wannan sakin layin kaman yadda ya haddace farashin lens. Mu nan hoton mace ba ƙaramin abu ba ne. Kamu da sa lalle wuri ne na mata, an bar ka ka shiga ne sabida aiki, mata sun saki jiki, wata mayafinta ya zame, wata tana rawa, matar aure ce mijinta bai ma san za a ɗauke ta ba. Amana aka ba ka. Aure yana iya girgiza a kan hoto ɗaya, an sha gani, kuma in hoto ya shiga intanet ko ka goge wani ya riga ya adana, wasu shafukan tsegumi sun kwashe, wani ma ya buɗe asusun bogi da shi yana yaudarar mutane. "Da shi nake samun kwastoma" hujja ce da nake fahimta, sana'a sai da talla, amma tambaya ɗaya ce fa, ka ce Hajiya ko zan iya sa guda biyu a shafina, wanne kika yarda da shi? Da yawa za su yarda, wasu ma so suke. Wadda ta ƙi kuma ta ƙi. Ga kuma sashe na 37 na kundin tsarin mulki da ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023 da aka sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, tunda hoton da za a gane mutum da shi yana cikin bayanansa.

Sai mai kwalliya da tela. Su kam ba su da madafa ko kaɗan. Ba su suka ɗauka ba, ba su suka ba da aikin ba, kuma abun da suke yi da hoton talla ne tsagwaronsa. Ko da amarya ce da kanta ta tura wa mai kwalliya, lasisin da doka ta ba amarya na abun da ba kasuwanci ba ne, ba za ta iya miƙa wa wani abun da ita ma ba ta da shi ba. Eh kwalliyar aikinta ne, ɗinkin aikinsa ne, amma hasken da aka saita da kusurwar da aka zaɓa da daren da aka raba ana gyaran kala a kwamfuta na mai hoto ne. Yanke tambarin kuma ya ƙara wa abun muni, don sashe na 14 ya ba mawallafi haƙƙin a danganta masa aikinsa, da haƙƙin ya ƙi yarda a yi wa aikin gyaran da zai zubar masa da mutunci, kuma wannan haƙƙin ba ya barin hannunsa muddin yana raye ko da ya sayar da sauran. Hanya mai sauƙi da masu hankali a harkar suke bi ita ce a nemi izinin amarya, a nemi na mai hoto, a bar tambarinsa a kuma ambaci sunansa, kowa ya samu kasuwa.

Akwai shari'ar da ta nuna wannan ƙarara. Wata mata ta kai kamfanin NTA-Star TV Network ƙara a kan an sa hotunanta a allunan talla ba da izininta ba, ta shigar da ƙarar a matsayin an keta mata haƙƙin mallaka. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne ba na wanda aka ɗauka ba, matar ta rasa ƙarar. Ba wai kotu ta ce kowa ya yi talla da fuskar kowa ba ne, ƙofar da aka shiga ta ita ce ba daidai ba. In fuskarka ce aka yi kasuwanci da ita, maganar sirri da yarjejeniya da kare bayanai za ka kama, haƙƙin mallaka kuwa makamin mai kyamara ne. A Amurka ma haka abun yake har ya fi tsanani, an kai fitattun mata irin su Gigi Hadid da Emily Ratajkowski kotu a 2019 don sun ɗora hotunan kansu a Instagram, hotunan da masu farautar taurari suka ɗauke su a titi.

To bari in koma kan masu zaman kansu, waɗanda ba biki suke ɗauka ba, masu bin hawan sallah da kasuwanni da ambaliya da taron siyasa suna sayar wa jaridu da ƙungiyoyi. Waɗannan su aka fi zalunta a wajenmu kuma ba mai magana. Mutum zai tsaya cikin rana a Ƙofar Kudu ranar hawan daushe tun azahar, dawakai na tayar masa da ƙura a ido, kyamarar ma wata haya ya ɗauko, ya samu hoto guda ɗaya na jahi da ya fita tsaf, ya sa a shafinsa da daddare, kafin gari ya waye shafukan labarai goma sun kwashe an rubuta a ƙasa "Hoto: Facebook". Facebook bai taɓa riƙe kyamara ba. Ƙa'idojin Facebook da Instagram kansu sun ce abun da ka ɗora naka ne, lasisi kawai ka ba kamfanin ya nuna shi a dandalinsa, wannan bai zama izini ga duk wanda ya gani ya sauke ya yi kasuwancinsa da shi ba. Danna madannin yaɗawa na cikin dandalin daban, saukewa ka sake ɗorawa kaman naka daban.

Wani mai hoto ɗan ƙasar Haiti, Daniel Morel, ya ɗauki hotunan girgizar ƙasar da aka yi a can a watan Janairun 2010 ya sa a Twitter, wani ya kwafe ya ɗora a matsayin nasa, kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauka ya rarraba tare da kamfanin sayar da hotuna na Getty, jaridun duniya suka buga. A 2013 masu taya alƙali yanke hukunci a New York suka ce AFP da Getty su biya Morel dala miliyan 1.2. A gida ma tsohon mai hoton jaridar Daily Times, marigayi Peter Obe, ya kai mujallar Grapevine Babbar Kotun Tarayya a kan hotonsa na yaƙin basasa da suka buga ba izini, ya kuma yi nasara. Ita Babbar Kotun Tarayya ita ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Dokar tana da sassauci ga masu ba da rahoton abun da ke faruwa da masu sharhi da masu nazari, amma da sharaɗin a yi adalci a kuma ambaci mai aikin, ba lasisin kwasar ganima ba ne. Sabuwar dokar kuma ta kawo tsarin da mai haƙƙi zai aika wa dandalin intanet sanarwa a sauke abun da aka sata, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ɗaukar lauya.

In ƙungiya ko kamfani ya ɗauke ka aikin kwana biyu ya biya ka, nan ma asalin haƙƙin naka ne sai in kwantiragin ya ce ba haka ba, kuma yawanci yana faɗa, a shafi na uku ko na huɗu inda ba wanda yake karantawa. Sashe na 30 ya ce miƙa haƙƙin mallaka gaba ɗaya, ko ba da lasisin da ya keɓanta ga mutum ɗaya, ba ya inganta sai a rubuce. Lasisi na gama-gari kuwa ana iya bayar da shi da baki, ko a fahimce shi daga yadda aka yi mu'amala. Bambancin nan kuɗi ne tsabarsa. Wanda ya ce a ba shi hoto ya sa a rahoton shekara ɗaya farashinsa daban, wanda yake so ya mallake shi ɗungurungum ya yi ta amfani da shi a kowace ƙasa har ya sayar wa wasu farashinsa daban, kuma kariyar hoto a dokarmu shekara 50 ce daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Duk wanda ya sa hannu ya sallama shekara 50 a kan kuɗin wuni ɗaya, to ya san abun da ya sayar. Inda dokar ta ware shi ne aikin gwamnati, in ma'aikata ko hukumar gwamnati ce ta ɗauke ka aiki ko ta ba ka kwangila, haƙƙin na gwamnatin ne sai in an yi yarjejeniya a kan akasin haka.

Wani abu da masu situdiyo ba sa tunawa, yaran da kake turawa biki fa? Hoton kamun nan da aka yi ta rigima a kai, da na tuna sosai ba ogan ne ya ɗauka ba, yaronsa ne, shi yana can wajen maza. A Amurka da Ingila aikin da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa na mai gidansa ne kai tsaye, a namu lafazin dokar mawallafi ya ambata, mawallafi kuma shi ne wanda ya ɗauka. Kyamara taka ce, memori naka ne, sunan situdiyo naka ne, amma in ba ka da wata yarjejeniya da yaronka to ranar da kuka ɓata zai iya tasowa da magana, kuma ba za a ce ba shi da ta cewa ba.

Maganar ɗanyen hoto, wato wanda ba a gyara ba, ita ma tana yawan haɗa faɗa. Da can zamanin fim mai situdiyo ke riƙe nagatif, in kana son ƙari ka dawo ka biya a wanke maka, ba wanda ya taɓa ganin laifin haka. Yanzu kwastoma zai ce a juye masa duk abun da ke memori tunda ya biya. Doka ba ta tilasta wa mai hoto haka ba, abun da kuka yi ciniki a kai shi zai ba ka, in kana son ɗanyen ka faɗa tun farko a sa masa kuɗi.

Masu cewa ai wannan duk dokar Bature ce, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Maganar tsare amana da suturta mutane kuwa ba sai an je Kuwait ba, tun muna allo muka san ta.

Namu dai ya ƙare ba tare da kotu ba. Na sake kiran mai hoton na karanta masa sakin layin nan, ya yi shiru, ya ce wallahi bai taɓa ji ba, ya sauke hoton a daren, ya kira ango ya ba shi haƙuri. Ni kuma na sa matata ta yi wa mai kwalliyar magana, ita ma ta sauke, tela ya bar hoton rigar kaɗai daga wuya zuwa ƙasa bayan ya nemi izini ya kuma sa sunan mai hoton.

Satin da ya wuce aka yi sunan ɗan yayana, mai hoton nan dai na sake kira. Kafin in tura kafin alƙalami na rubuta masa a WhatsApp cewa hotuna 80 gyararru za a ba mu da albam ɗaya, mu za mu wanke mu raba wa dangi yadda muke so amma ba za mu ba kowa ya yi talla da su ba, shi kuma ba zai sa ko ɗaya a shafinsa ba sai wanda mai jego ta gani ta amince, ɓangaren mata kuma mace zai turo. Ya amsa da cewa ya yarda, ya ƙara da nasa sharaɗin, duk wanda zai ɗora a bar masa tambarinsa. Na ce an gama, na tura kuɗin.